Ɗigon da Bai Kai a Auna Ba

Kafin motar da na shigo daga Damagaram ta iso Gure, an riga an kai Kaka makwancinsa. Na tarar da maza a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsu fari fat da rairayin maƙabarta, mata kuma cike da tsakar gida. Ina shiga aka buɗe mini hanya, aka zuba mini ido, don kowa ya san ni ce jikar da yake ji da ita. Jira ake in zube ƙasa. Na cire takalmi, na gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, na zauna kusa da Iya, matarsa, na tambaye ta ko ta sa wani abu a cikinta. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, a taɓa ta ma ba ta sani ba.

Masu gaisuwa sun yi ta zuwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kama hannuna ta ce, "Sannu da hankuri, ɗiyata. Mutum ne mai taurin kai, Allah shi jiƙan shi, amma bai taɓa yi ma sama ƙarya ba." Wani dattijo daga Kelle ya tsaya a bakin zaure ya aiko a kira ni. Da Barbarci ya fara gaisuwar, da ya ga ina lalube sai ya juya Hausa, ya ce, "To yanzu wa za mu tambaya? Ga hadari ya hwara haɗuwa gabas." Mutanen Gamu kuwa cewa suka yi sun daɗe ba sa ɗaukar iri daga rumbu sai sun kira shi a waya. A cikin duk masu gaisuwar babu wanda ya ambaci sunansa na yanka. Mai Gwangwani suke ce masa, kamar yadda aka saba tun kafin a haife ni.

Gwangwanin yana nan a bayan gida, a fili inda babu itace ko katanga kusa. Ma'aunin ruwan sama ne, bokiti mai mazurari bisa sandar ƙarfe, da kwalbar awo mai zane-zane a jikinta. Mutanen biron noma, wato ofishin aikin gona, su ne suka kafa masa shi yana matashin ma'aikacinsu. Daga baya suka daina tambayarsa abin da ya auna, shi kuwa bai daina aunawa ba. Kowace safiya ƙarfe takwas, rani da damina, zai ɗauki kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da bik ɗin rubutu, ya je ya duba, ya rubuta. Ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifili. Iya ta ce ran sunan mahaifiyata ma sai da liman ya jira shi ya dawo daga bayan gida.

Abin da masu gaisuwa ba su sani ba shi ne rabuwata ta ƙarshe da shi ba ta daɗi ba ce. Na ɓata masa aikin wata bakwai cikin ƙiftawar ido, na ce zan dawo in gyara, ban dawo ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin ko wane ne shi, don kada in bar shi a hannun mutanen da za su ce "mutumin kirki ne" su wuce.

Kaka ba ya barin magana ta wuce haka kawai. In wani ya ce jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya tambaye shi, "Ƙwaryar wa? Ta hura ko ta wanki?" In aka ce bana damina ta fi bara, sai ya miƙe ya shiga ɗaki, kowa kuma ya san hira ta mutu, don kaye zai ɗauko. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya muna yara. Kowace yamma bayan la'asar zai ɗauki tsintsiya ya share wani ɗan fili kusa da gwangwanin, ya lallashe rairayin da tafin hannu har ya yi sumul, ya hana kowa takawa. Wai in sama ta zubo ɗigo biyu uku ba kowa a wurin, gwangwani ba zai riƙe ba, amma rairayi zai nuna. Irin wannan ranar ba sifili yake rubutawa ba. Haruffa biyu yake sawa, Tr, yadda aka koya musu a biro, taƙaitawar wata kalmar Faransanci da ke nufin alama: ruwa ya taɓa ƙasa amma bai kai a auna ba.

Tsohuwar nan da ta kama hannuna, shekarar da mijinta ya rasu ta ga an yi ruwan farko ta ɗauki iri za ta gona. Kaka ya tare ta a hanya ya ce ta dakata, bai isa shuka ba. Ta ce shi da gwangwaninsa su ji da kansu. Ta shuka, ya tsiro, ya ƙone. Da ruwan gaske ya sauka ba ta da ko tafin hannu na iri. Kaka ya auno daga nasa, ya ɗauka da kansa ya kai mata har gida, ya ajiye a bakin ɗaki. Na taɓa ba da wannan labari ina cewa bai ko goranta mata ba, sai Iya ta katse ni ta ce, "Wa ya gaya miki? Kowace damina sai ya tuna mata, har bara."

Ni kuma amaryarsa ce, irin wasan kaka da jika. Shi ya koya mini karanta lamba a jikin kwalbar awo tun ban shiga lakwal ba, yana riƙe da ita daidai idona yana cewa kada in duba daga sama, ido na ƙarya daga sama. Wataƙila daga nan na kama hanyar da ta kai ni ga koyar da aikin ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram. Da na zo hutu bara na tarar gara ta shiga adakar da yake ajiye tarin kayensa, ta fara cin uku mafi tsufa. Na ce ya ba ni su in buga masa cikin ordinata, kwana kaɗan na gama. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da ba ki iya zama ki gama hura? Koya mini in yi da kaina."

Na ɗauka zolaya ce. Mutumin da ya haura saba'in da yawa, wanda ko wayarsa sai an nemo masa lamba. Amma washegari da hantsi na same shi zaune a tabarma da sabon kaye, ya ja layi, ya rubuta "darasi na ɗaya". Daga ranar na tashi daga amarya na koma Madam, yadda 'yan lakwal ke kiran malamarsu. Kuma bai tsaya ga buga lambobi ba. So yake ya rubuta furogiram da hannunsa, wato jerin umarnin da zai sa na'urar ta tara masa ruwan kowane wata da kowace shekara.

Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ranar da ya gama furogiram ɗinsa na farko ya ba na'urar sha biyu da takwas ta tara. Ta fito masa da ɗari da ashirin da takwas, wato ta jera 12 da 8 kusa da juna. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Madam, da an yi wannan ruwa a Gure da kwale-kwale muke tahiya kasuwa. Wannan ai ba lissahi ba ne, ɗaurin aure ne." Na yi dariya har na ƙware. Na bayyana masa cewa duk abin da ya buga mata, a wurinta rubutu ne, zane kawai, ko da lamba ce. Sai ya ba ta umarni ta juya rubutun ya zama adadi, sannan za ta iya tarawa. In ta gama kuma ya sake juya adadin ya koma rubutu don mutum ya karanta.

Ya murza gemu ya ce, "Ashe tahinta take so. To ai aikina ne. Shekara nawa ina tsaye tsakanin mutanen biro da mutanen ƙauye, wannan Faransanci wannan Barbarci?" Daga nan abin ya shige shi. Kafin hutuna ya ƙare ya iya juya rubutu zuwa adadi, ya kuma ƙirƙiro abin da ban koya masa ba. Ya ce manomi ba milimeta yake shukawa ba. Ya sa furogiram ɗin ya mayar da kowane adadi magana: kaɗan ya ce "yayyafi", in ya ɗan fi haka "ya kwantar da ƙura", in ya kai inda ya kai ya ce "a ɗauko sungumi". Ranar da kalmar sungumi ta fito a fuskar na'urar ya buga cinya ya ce "Wala!", wato "ga shi nan" da Faransanci, ya kira Iya daga madafa ta zo ta gani. Iya ta leƙa ta ce ita ba ta ga sungumi ba, ta koma kan tukunyarta.

Na bar masa tsohuwar ordinatata na koma aiki. Wata bakwai yana bugawa, daga hantsi zuwa azahar, in akwai wuta. Ya fara da kaye ukun da gara ta taɓa, yana gamawa kuwa ta ƙarasa su, sai bango da gari. Kusan kullum sai ya kira ni: "Madam, jan rubutu ya dawo." Jan rubutu shi ne ƙorafin da na'ura ke fitarwa in ta ci karo da abin da ta kasa. Wani lokaci in amsa da daɗi, wani lokaci in ce ina aji. Ni mai gajen haƙuri ce, duk gidanmu an sani.

Cikin bazarar nan na zo kwana biyu. Na tarar ya gama bugawa kaf, amma furogiram ɗin ya ƙi tara masa shekarun. Duk inda ya iso kan Tr sai ya tsaya cak ya fito da jan rubutu, don ba adadi ba ne, ba ya juyuwa. Na ce abu mai sauƙi, a sa sifili a wurin. Ya ce a'a. Na ce to rabin milimeta. Ya ce bai auna rabin milimeta ba, ba zai rubuta abin da bai auna ba. Muka yi ta ja har aka kira azahar, ga motata za ta tashi bayan la'asar. Yana fita masallaci na jawo na'urar, na ba ta umarni guda: duk inda ta ga Tr ta sa sifili. Na adana a kan nasa, nawa ya shafe nasa. Ban ajiye kwafi ba, ni da nake yi wa ɗalibaina faɗa kullum a kan kwafi. Furogiram ya gudu sumul, shekaru suka jeru, kowace da jimlarta. Har wani daɗi nake ji, ina jiran ya dawo ya ce wala.

Ya dawo ya zauna, ya duba. Bai kalli jimla ba. Ya sa yatsa ya gangara har shekarar babban farin da ya cinye dabbobin mutane, lokacin mahaifiyata tana ƙarama. Sifili ne jere, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ina Tr ɗina?" Na faɗa masa. Ya ce, "Mayar mini da su."

Na buɗe baki in ce to, sai na ga abin da na yi. Sifilinsa na gaskiya da sifilina sun gauraya, kamarsu ɗaya, babu umarnin da zai raba su. Sai dai a koma kan kaye shafi-shafi. Kaye uku kuma babu su, kuma shekarar farin tana ciki. Maimakon in ba shi haƙuri, kunya ta sa na ɗaga murya. Na ce, "Kaka, ɗigo ne fa! Ɗigon da ko kaza ba za ta sha ba. Wa zai tambaye ka shi?"

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rufe na'urar a hankali ya ce, "Shekarar nan mun yi binne, don hadari ya yi ta yi muna alkawali. Ke 'yar birni, kin san binne? A zuba iri cikin busasshen rairayi a jira ruwa. In ba a yi ruwa ba sam, iri na nan kwance lahiya lau, ko wata guda. Amma in aka yi wannan ɗigon da kike rainawa, sai shi jiƙa shi rabi, shi kumbura, shi tsage, rana ta hito ta dahe shi. Sau uku muka zuba iri, sau uku ɗigo ya kashe shi. Na ukun, hatsin da za mu ci ne Iyarki ta auno tana kuka. Sihili bai taɓa kashe iri ba. Wanda ya karanta wannan naki gobe, cewa zai yi ba a yi ruwa ba, wasu mahaukata suka yi ta zubar da abincinsu cikin rairayi."

Sannan ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce in tashi kada mota ta bar ni. Na ce in an yi hutu zan dawo mu bi kayen tare. Ya ce Allah shi kai mu. Wata biyu ina kiran Iya ina cewa a gaishe shi. In ta miƙa masa wayar sai ya gaishe ni sosai, yadda ake gaida baƙuwa, bai ƙara kawo mini ƙarar jan rubutu ba. Ni kuma kullum sai in ce bari a gama jarrabawa. Ranar da ya rasu ya duba gwangwaninsa ƙarfe takwas, ya rubuta sifili, ya zauna a inuwa ya ce a dafa masa shayi. Kafin azahar aka kira ni a waya.

Safiyar sadakar uku Kawu, babban ɗansa, ya kira ni ɗakin Kaka. Ya nuna adakar ya ce, "Ɗauki abin da za ki ɗauka, sauran a ƙone. Gara za ta hau ruhin ɗaki in damina ta kama." Ba mugunta ba ce, gaskiya ya faɗa. Na ce a bar mini duka. Ya ce in dai zan fitar da su kafin sadakar bakwai, ga su nan. Da ya fita na kunna ordinatar.

Kaka ya gyara furogiram ɗin da kansa. Ba a tsare yake ba, ɗalibina ya kawo mini irinsa sai na sa ya sake, amma yana aiki. Ya sa masa sharaɗi: in lamba ce, juya ta, in Tr ce, kada ka taɓa ta, ƙidaya ta gefe, kuma maganar da za ta fito ita ce "wanda ya yi binne shi tona shi duba". Ya bi kayen daga farko yana cire sifilina yana mayar da Tr ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun da gara ta cinye kuwa, inda ba shi da abin dubawa, bai bar sifilin ba kuma bai ƙaga Tr daga ka ba. Ya goge su duka, ya rubuta "ba a sani ba". Shekarar farin yanzu haka take, ba a sani ba daga sama har ƙasa, kuma ni na jawo. Tsinken tsintsiya na nan cikin kayen da ya tsaya. Saura goma sha ɗaya bai kai ba.

Iya ta shigo ta same ni a zaune. Ta ce, "Kullum yana kai, har ido ya yi mishi ja. In na ce shi huta sai ya ce, 'Bar ni, Madam ta ba ni aikin gida.'" Na tambaye ta da gaske Madam ya ce? Ta ce mi zai ce in ba haka ba. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ban ji ba. Na rufe na'urar na fita na taya mata raba gumba.

Da la'asar ranar hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗaga rumfa, maza suka fara naɗe tabarmi. Ɗigo ya sauka jefi-jefi, manya-manya, sai kuma ya ɗauke, hadarin ya wuce yamma. Aka sake shimfiɗa tabarmin. Washegari ina shan koko Iya ta dubi rana ta dube ni, ta ce, "Ba ki zuwa ki duba?"

Na ɗauki kayen bana da bik ɗinsa na zagaya bayan gida. Na juye gwangwanin cikin kwalba, na ɗaga ta daidai idona. Danshi kawai, bai kai zanen farko ba. Ina juyowa na ga dattijon Kelle ya biyo ni, ashe bai tafi ba, yana tsaye nesa kaɗan da sandarsa. Ya ce, "Nawa aka samu, ɗiyata?" Na ce bai kai a auna ba, amma wanda ya yi binne ya tona ya duba. Ya laluba aljihu ya fito da waya ya juya yana kiran gida.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa abin da ya auna da gaskiya ya yi masa nauyi ranar da za a auna kowa, ya sauko wa kabarinsa da rahamar da ta fi ƙarfin gwangwani. Kaye goma sha ɗayan suna wurina a Damagaram, na fara bin su daga inda tsinken ya tsaya.

Amma a waccan safiyar, a bayan gida, akwai sauran aiki. Ƙarƙashin sifilinsa na ƙarshe akwai layi biyu babu komai, safiya biyun da babu wanda ya zagaya bayan gida. Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ai ba a yi ruwa ba kwanakin nan, sa sihili ki huta." Na dubi ɗan filin da Kaka ke sharewa. Masu gaisuwa sun tattake shi, sawun takalma ne ko'ina, ba abin da za a karanta a ciki. Na durƙusa na ɗora kayen a gwiwa. A layi na farko na rubuta "ba a sani ba", a na biyu ma haka, a na uku na rubuta Tr. Sannan na je na ɗauko tsintsiya.